Kuɗin Sadarwar Gaggawa a Bakin Rima: Oba-Oba, Thuraya, Starlink ko Wayar Aljihu?

Bayan ƙaramar Sallah muka zauna a zauren wani dattijonmu a cikin garin Sakkwato, mu 'yan ƙungiyar ci gaban garinmu, kan kuɗin da 'yan'uwa mazauna birni da Abuja da Legas suka tara. Dalilin tara kuɗin ɗaya ne: in ruwa ya sake tasowa, kada a kwana uku ba a ji ɗuriyar juna ba. Garinmu na bakin gulbin Rima ne, ƙasa da madatsar Goronyo, kuma duk wanda ya tashi a wurin ya san yadda marka take daga Agusta zuwa Satumba. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Ba za su isa a sayi duk na'urorin sadarwar da aka ambata a zaman ba, dole a zaɓa, kuma ni aka ɗora wa nauyin in bincika in kawo bayani. Abin da na gano nake rubutawa nan, don na san daga Wurno har Silame akwai garuruwan da wannan tambaya ke gabansu.

Bari in fara da abin da na gani da idona. A Satumban 2010, daidai lokacin ƙaramar Sallah, ruwa ya fi ƙarfin madatsar Goronyo, ya malalo ya ci garuruwa da gonaki a ƙananan hukumomi da dama. Kagara, wani gari a ƙaramar hukumar Goronyo, kusan gaba ɗayanta ta tafi. Gadar da ke kan hanyar mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta yanke, sai da kwale-kwale ake hayewa, har aka rufe makarantar na wani lokaci. Ni ina birni, mahaifiyata tana gida. Da asuba yayana ya kira ya ce ruwa ya shigo, ga su nan suna fita, ban gama tambayar inda suka nufa ba wayar ta ɗauke. Kwana uku ina kira ana ce mini a kashe take. Da na same su a wata firamare da ke kan tudu, sai na tarar da wayar lafiya lau, ya naɗe ta a leda ya cusa cikin hula don kada ta jiƙe. Sabis ma akwai, sanda biyu. Caji ne ya ƙare. Mutum ɗaya ne ke da ɗan janareto a wurin, an jera masa wayoyi a kan tabarma, kowa na tsugune yana gadin tasa.

Wannan tabarma ita ce ta sa na ƙi fara bincikena daga manyan na'urori. Na fara da abin da ke aljihun kowa. Ƙaramar wayar nan mai tocila, irin su itel da Tecno da Nokia, tana kwanaki ba ta nemi caji ba, tana kama rediyo, kuma tsofaffi da matan gida sun iya ta ba sai an koya musu ba. Abin da za a kashe wa kuɗi a nan wuta ce: faifan sola biyu ko uku, batir mai kyau, da allon caji mai bakuna da yawa. A girke su a wurin da aka san nan ake gudu in ruwa ya zo, makarantar kan tudu ko masallacin Juma'a in yana sama, don in aka sa su a tsakiyar gari su ruwa zai fara ci. Sai layuka biyu na kamfanoni daban-daban, misali MTN da Airtel, a hannun mutanen da aka zaɓa, in ɗaya ya ɗauke ɗaya ya tsaya. Sai a sanar da jama'a cewa rubutaccen saƙo yakan kutsa ya wuce a lokacin da kira ya ƙi shiga, kuma lambar gaggawa ta ƙasa, 112, ba ta cin kati.

A duk abin da na duba babu mai araha kamar wannan, babu kuma mai amfanar mutane da yawa kamarsa. Amma rayuwarsa tana rataye da turken sabis, wanda ba namu ba ne. Turke yana cin wuta dare da rana, mafi yawa daga janareto mai shan dizal da batura. In hanya ta yanke motar kai mai ba ta isa, kwana kaɗan sai ya yi shiru. Wayoyin fayiba da aka binne a gefen titi ko aka ɗaura a jikin gada kan tafi tare da gadar. Ko turken na tsaye, in gari guda ya ɗauki waya a lokaci ɗaya layi cunkushewa yake yi. Da madatsar Alau ta ɓalle a kan Maiduguri ranar 10 ga Satumban 2024, mutane da yawa sun daɗe suna neman 'yan'uwansu a waya ba su samu ba, kuma Maiduguri babban birni ne, ba ƙauye ba.

Mu a Sakkwato akwai wani ƙarin dalili. A Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, kuma da yawansu na gabashin jihar ne inda Rima ta ratsa. Watan ambaliya ne fa. Mutanen bakin iyaka sai hawa tudu suke suna lalumen sabis ɗin Nijar. Wanda ya ga wannan ba zai jingina ran gari guda a kan wayar aljihu ita kaɗai ba.

Rediyo ba ta da wannan matsala. Gidan Rediyon Rima da tashoshi irin su Vision FM da Garkuwa FM suna shiga ɗakin da jami'in gwamnati bai taɓa takawa ba, kuma akwatin rediyo mai batir ko mai sola kuɗinsa kaɗan ne. Illarta ɗaya, faɗa maka take yi, ba ta jin amsarka. Za ta ce a tashi daga fadama, amma ba za ka iya gaya mata cewa akwai mai naƙuda a kan rufin ɗaki ba. Ƙungiya kamar tamu ba ta da ƙarfin sayen fili a rediyo duk damina, sai dai in garuruwa sun haɗu. Abin da muke iyawa shi ne ƙarshen zaren: lasifikar masallaci mai batir nata na kanta, da ƙaramar lasifikar hannu ga mai shela. Kada a raina wannan. Da rana maza suna gona ko kasuwa da wayoyinsu a aljihu, mata da yara ne a gida, kuma muryar da ke tsallake katanga ta iske su ita ce ta ladan da ta mai shela.

A nan ne na ga inda giɓin yake. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar NIHSA mai lura da koguna kuma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ake jin tsoron ambaliya a cikinsu. Wannan gargaɗi na watanni ne. Gargaɗin da ke ceton rai shi ne na sa'o'i: ruwan kogunan Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi ya cika tafkin Goronyo, wanda ke ɗaukar kimanin kubik mita miliyan 942, kuma ma'aikatan Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima za su buɗe ƙofofi. Ruwan ba tashi sama yake ba, tafiya yake, daga Goronyo zuwa Wurno, zuwa Kware, zuwa Wamakko, zuwa Silame, har ya gangara Argungu. Kowane gari na sama yana ganinsa kafin na ƙasa. In labari ya riga ruwa isowa, an fitar da tsofaffi da dabbobi da buhunan hatsi. To wace na'ura ce za ta ɗauki wannan labari daga gari zuwa gari da tsakar dare, ko da sabis ko babu?

Amsar da na fi gamsuwa da ita wayar oba-oba ce. Ba ta buƙatar turke, ba ta cin kati, ba ta da kuɗin wata. Ka danna ka yi magana, duk wanda ke kan tashar ya ji a lokaci ɗaya: uban ƙasa, sarkin ruwa, mai asibitin sha-ka-tafi, direban da ke jiran a ce masa ga inda hanya ta rage. A waya sai ka kira mutum goma ɗaya bayan ɗaya, kana addu'a kowa ya ɗauka. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne a lokacin da minti biyar ke nufin kwale-kwale ya isa ko bai isa ba. A Agustan 2025 jirgi ya kife da mutane fiye da 50 masu zuwa cin kasuwar Goronyo. A irin wannan rana, masu iyo da masunta na garuruwan kusa su ne agajin farko, kuma kiransu gaba ɗaya da murya ɗaya shi ne aikin da oba-oba ta fi kowace na'ura iyawa.

Sai dai a san iyakarta kafin a biya kuɗi, don masu sayarwa sukan zuzuta zangonta fiye da gaskiya. Ta hannu mai ƙarfin wat 5, tsakanin mutum biyu da ke tsaye a ƙasa, kilomita kaɗan take kaiwa, biyu zuwa biyar in akwai gidaje da itatuwa a tsakani. Muryarta miƙe take tafiya, ba ta zagaya tudu. Abin da ke ba ta zango shi ne tsawo. In aka ɗora na'urar ƙara zango, wadda masu sana'ar ke kira rifita, a kan ƙarfe mai tsawon mita 30, to a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta kwarin Rima za ta iya haɗa mutanen da ke kilomita 25 ko kusa da haka ta kowane gefe. Rifitar da ƙarfenta da solarta su ne masu tsada, sun fi ƙarfin gari ɗaya. Ana rage kuɗin in aka samu dogon tankin ruwa ko hasumiya aka ɗora a kai, amma lallai a yi mata maganin tsawa a binne ƙarfe a ƙasa, in ba haka ba hadarin farko zai ƙone ta.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi nauyi. Tashar iska ba a hawanta haka kawai, sai da lasisi daga hukumomin tarayya. Sannan a yankin da ake fama da 'yan bindiga, kamar Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, mutum riƙe da oba-oba yana cikin hatsari ta fuska biyu: jami'in tsaro zai iya ɗaukarsa ɗan leƙen asirin 'yan daji, 'yan daji kuma su ɗauke shi mai kai rahoto ga hukuma. Ban yarda a miƙa wa kowa ita ba sai an rubuta sunansa a wurin uban ƙasa da ofishin 'yan sanda, an ba shi takardar shaida, an kuma yi ƙa'ida cewa maganar ruwa da ceto kaɗai ake yi a kanta. Duk mai irin na'urar zai iya saurare, saboda haka ba wurin faɗin inda aka ajiye kayan agaji ko kuɗi ba ne. Garin da ya ga riƙe ta zai jawo wa mutanensa fitina, ya ajiye ta a ɗaki ɗaya amintacce, kada a riƙa yawo da ita.

Dattijon da muka zauna a zaurensa Thuraya ya so a saya, don ya san ta tun zamanin da yake fatauci zuwa Agadas. Yana da hujja. Ita kai tsaye take magana da tauraron ɗan'adam, ko an tumɓuke duk turakun jihar za ta kira Abuja. Amma waya ce ta mutum ɗaya zuwa mutum ɗaya. Ba ta aiki a cikin ɗaki, sai an fita fili an zaro eriya an fuskantar da ita wajen gabas. Kuɗin minti da dala ake lissafa shi, wanda ya kira ta daga layin gida ma katinsa zuba yake kamar ruwa, kuma layinta yana da wa'adi, in ba a sabunta ba ya mutu. Na taɓa ganin wadda wata ƙungiyar agaji ta bai wa wani ofishi, sabuwa ful a kwalinta cikin durowa. Ranar da aka nemi amfani da ita batir ya kumbura, layin ya daɗe da mutuwa, wanda aka koya wa aiki da ita kuma an yi masa canjin wurin aiki. Ga batun tsaro: a 2013 sojoji sun haramta amfani da Thuraya a jihar Borno, don haka ita ma ba abar ɗauka ba ce ba tare da sanin hukuma ba. A ganina guda ɗaya a hedikwatar ƙaramar hukuma, a hannun wanda aikinsa ne ya gwada ta duk wata, ta wadatar. Gari ɗaya ya saya wa kansa, asara ce.

Matasanmu kuwa Starlink suke so, wato intanet na tauraron ɗan'adam, kuma na fahimce su. Tun Janairun 2023 ta fara aiki a Nijeriya, ƙasa ta farko a Afirka. Ka kafa faranti a fili, cikin mintuna ga intanet mai ƙarfi, mutane da yawa su hau a lokaci ɗaya. A sansanin waɗanda ruwa ya kora wannan babban abu ne. Da ita za a tura sunayen mutane da hotunan ɓarna ga hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA, da ofishin ta tarayya, NEMA, na Sakkwato, likita ya duba mara lafiya ta bidiyo, mai POS ya ci gaba da biyan mutane kuɗin da 'yan'uwa suka turo, wanda ke Legas ya ji muryar mahaifiyarsa ta WhatsApp. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da oba-oba za ta yi.

Wani ƙanenmu yana tsaka da wannan bayani, sarkin ruwan garinmu, wanda tun da aka fara bai ce uffan ba, ya gyara zama ya ce, "Yaro, abin ga da kaka faɗi, in ruwa ya taho da dare, shi ka tashe ni, ko ni ka tashi in kunna shi?" Yaron ya ce, "Ranka shi daɗe, sai an kunna shi, kuma sai mai babbar waya." Sarkin ruwa ya ciro ƙaramar wayarsa daga aljihu ya ajiye a kan tabarma, bai ƙara magana ba.

Tambayar tasa ta raba mini aikin gida biyu. Akwai sadarwar kafin ruwa da lokacin da yake shigowa, akwai ta bayan an tsira. Starlink ta kashi na biyu ce. Kuma tana da ci. Babban farantinta yana jan wat 75 zuwa 100, wato in ta kwana ta wuni a kunne ta sha kusan kilowat-awa 2. Batirin ƙaramar waya sau da yawa kimanin wat-awa 4 ne. Ke nan wutar da Starlink za ta sha a rana ɗaya za ta cika ƙananan wayoyi fiye da 300, ko bayan an cire abin da ke salwanta a hanya. Ƙaramin samfurinta, Mini, bai kai rabin haka ci ba, amma duk da haka sai an tanadi sola da batir na musamman, a watan da rana ke ɓuya kwana biyu a jere. Ruwan sama mai ƙarfi yana rage mata ƙarfi ko ya katse ta na ɗan lokaci. Sannan kuɗin wata ba a hannunmu yake ba. A ƙarshen 2024 kamfanin ya sanar da ɗaga kuɗin daga naira 38,000 zuwa 75,000 a tashi ɗaya, har sai da hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta sa baki. Ƙungiyar da ke tara kuɗi sau ɗaya a shekara ba za ta iya bin irin wannan hawa ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da na ɗauka shi ne zuciyar maganar. Na daɗe ina tambayar wace na'ura ta fi, ashe tambayar da ta kamata in fara yi ita ce wane irin kuɗi ne a hannunmu. Akwai kuɗin da ke zuwa sau ɗaya ya wuce, akwai wanda ke ɗiga duk wata. Na farko ƙarfe yake saye: sola, lasifika, oba-oba, rifita. Na biyu ne kaɗai ke iya riƙe abin da ake biya wa kuɗin wata ko na minti, wato Starlink da Thuraya da data. Yawancin na'urorin da na gani a mace, an saye su ne da kuɗin sau ɗaya alhali abincin kullum suke buƙata. Kuma duk abin da farashinsa ke bin dala a ƙara masa tsoro: kafin Yunin 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500.

In aka auna hanyoyin samun kuɗi da wannan ma'auni, kowace ta nuna abin da ya dace da ita. Gudummawar 'yan gari irin tamu da aikin mazaɓa na ɗan majalisa kuɗin sau ɗaya ne. Da za a shawo kan wakilanmu su sa rifita da ƙarfenta a cikin ayyukan mazaɓa, garuruwa goma za su amfana da abu ɗaya. Gwamnati ce ke da kuɗin da ke maimaituwa duk shekara. Dokar da ta kafa NEMA a 1999 ta ware mata kashi 20 cikin 100 na asusun kula da muhalli na tarayya, jihohi da ƙananan hukumomi ma suna da nasu kason na wannan asusu. Abin da aka saba gani bayan ambaliya shi ne shinkafa da tabarmi da kwanon rufi da siminti, kuma ana buƙatarsu ƙwarai. Amma kuɗin watan Starlink guda ɗaya da layin Thuraya guda ɗaya a kowace ƙaramar hukuma ta bakin gulbi bai kai kuɗin motar shinkafa ɗaya ba, kuma su ne za su nuna inda ya kamata motar ta nufa. Wannan nauyi nasu ne, mu namu mu riƙa tuna musu a rubuce kafin damina.

Ƙungiyoyin agaji na waje sun fi kowa ƙwarewa a wannan fanni. A Borno, a ƙarshen 2016 Hukumar Abinci ta Duniya, WFP, ta fara jagorantar sashen sadarwar gaggawa da ya samar da intanet da rediyon tsaro ga ma'aikatan agaji a wurare irin su Bama da Gwoza da Ngala da Monguno. Abin lura, su ma ba su dogara da abu ɗaya ba, sun haɗa oba-oba da intanet na tauraron ɗan'adam. Sai dai kuɗinsu yana da wa'adi, kuma abin da ya faru a 2025 da Amurka ta datse tallafinta na waje ya nuna yadda aiki kan tsaya dare ɗaya. In sun zo, abin da ya fi kyau a roƙa a wurinsu horo ne da kayan da ba su da kuɗin wata. Shi kuwa asusun USPF da ke ƙarƙashin NCC, wanda dokar sadarwa ta 2003 ta tanada don kai sabis inda kamfanoni ba su ga riba ba, ba kuɗi zai ba ƙungiya a hannu ba. Takarda ake rubutawa ta hannun shugabanni a nemi turke, kuma a nemi mai aiki da sola.

Hanyar da ta fi kwanta mini a rai ita ce waƙafi, kuma mu Sakkwatawa ba baƙinsa ba ne, muna da Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha. Zakka tana da mutanenta takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, don haka sayen na'ura da ita magana ce ta malamai, ban shiga ba. Waƙafi kuwa an gina shi ne a kan abu mai ɗorewa da ke haifar da amfani. Mai hali ya tsayar da shago ɗaya a kasuwa, kuɗin hayarsa ya riƙa sayen batir da biyan mai kula da kaya, ya maida kuɗin sau ɗaya ya zama mai ɗiga duk wata. Ko wurin cajin ma zai iya ciyar da kansa. Da rani a riƙa karɓar ɗan abin da aka saba biya a wurin masu caji, a zuba a asusu, ranar ambaliya kuma ya zama kyauta ga kowa. Amfanin wannan biyu ne, don kayan da ake taɓawa kullum ana gane lalacewarsu da wuri. Zafin Sakkwato na Maris zuwa Mayu, da ke haura digiri 40, yana kashe batirin da aka kulle a ɗaki aka manta da shi tun kafin damina ta faɗi.

Ga shawarar da na kai wa zaman na biyu. A kowace naira 10 da muke da ita, 4 su tafi ga sola da allon caji a makarantar kan tudu, da batirin lasifikar masallaci, da lasifikar hannu biyu, da akwatunan rediyo ga unguwannin da ke can bakin fadama. Naira 3 ga oba-oba ta hannu guda shida da neman izininsu, waɗanda ko babu rifita za su haɗa mashigin jirgi da gidan hakimi da makaranta da garin da ke sama da mu. Naira 1 ga horo da gwaji. Naira 2 da suka rage ba za a taɓa su ba, na canjin batir ne da gyara na shekara uku. Masu son Starlink ba su ji daɗi ba, kuma ban ce sun yi kuskure ba. Na ce in an samu wanda zai sa hannu ya ɗauki kuɗin watanta na shekara uku, ko asibitin yankin ya karɓe ta yana amfani da ita kullum, ni ne zan fara goyon baya. Garin da ke da tsayayyen sabis daga kamfani biyu kuma yake kan tudu, yana iya barin oba-oba ya ƙara a kan sola. Garin da sai an hau bishiya ake samun sanda ɗaya, ya juya lissafin, oba-oba ta zo farko.

An amince, da gyara ɗaya da wata malamar makarantar Islamiyya ta aiko da shi ta bakin mijinta: a cikin mutum shidan da za su riƙe oba-oba a sa ungozoma, don ita ta san gidan da ke da mai ciki da wanda ke da jinjiri. An sa ta. Ta farko sarkin ruwa za a ba, ta biyu ita. Mun tsayar da Asabar ta farko a watan Yuni don gwaji, bayan sallar isha'i, a kashe wayoyi gaba ɗaya a ga minti nawa labari zai ɗauka daga mashigi zuwa gida na ƙarshe a unguwar masunta. Takardar da za mu kai ofishin masu kula da madatsa, ta neman a sa lambobin mutum uku na garinmu cikin waɗanda ake kira kafin a buɗe ƙofa, tana wurin uban ƙasa tana jiran sa hannu, kuma garuruwa biyu na ƙasa da mu sun ce a ƙara sunayensu a ciki.